Yadda Na Sa Surukina Gurnani a Belbeji

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin nan na Belbeji ba, kuma ko na yi niyyar mantawa akwai gari guda da ya ɗauki nauyin tuna min. Har yau in na sauka a tasha, kafin in karɓi jakata daga saman mota sai wani ya ce, "Mushe, ka zo da akwatin?"

Ni malamin Faransanci ne a wata sakandare a Tanut (a nan mushe ake ce mana, ko ka yi furfura kana nan mushe). Da safe ina koya wa yara inda ake sa waƙafi da inda ake sa aya, da yamma in rufe ɗaki in ɗauki gita. Cutar ta kama ni tun ina jami'a a Yamai, inda abokin ɗakina ya jiyar da ni kiɗan Turawan nan masu dogon gashi, wanda ake kira rok da metal. Shi ya warke, yanzu ma'aikacin duwan ne, wato kwastan, har ya ajiye tumbi. Ni ban warke ba. Alamar cutar a jikina ƙafata ta dama ce, ba ta zama wuri ɗaya. A aji tana kaɗawa, a taron malamai tana kaɗawa, har direkta ya taɓa tsayar da jawabinsa ya tambaye ni ko bayi nake son zagawa.

Gita ba baƙuwa ba ce a Damargu. Abzinawa sun daɗe suna kaɗa ta a bukukuwa, sautinsu garau, kamar ruwa yana bin tsakuwa. Ina son wannan, amma ba shi nake nema ba. Ni datti nake so. Ina son in taɓa tsirkiya ta amsa min kamar injin niƙa ya haɗiye ƙarfe. Don haka na yi ta naci har wani ɗan'uwana da ke aiki a Aljeriya ya aiko min da ƴan akwatuna biyu na ƙarfe, ɗaya baƙa, ɗaya mai ruwan ɗorawa, kowanne bai fi gwangwanin kifi ba. Feda ake ce musu, don da ƙafa ake taka su. Ana sa su tsakanin gita da ampili, wato akwatin da ke fito da sauti. Baƙar ita ce mai datti: ka taka ta, wata ƴar jar fitila ta kunnu, duk sautin da ya bi ta cikinta ya dagule ya koma gurnani. Mai ruwan ɗorawa kuwa ba ruwanta da kyau ko muni, abin da aka ba ta take ɗagawa sama, kamar ƴan kanzagin ɗan siyasa. In ba ka taka su ba, sauti ya wuce lafiya lau kamar ba sa nan.

Na yi watanni ina gwada su da abin toshe kunne, don gidan haya nake, kuma maƙwabcina jandarma ne. Ma'ana, duk Tanut ba wanda ya taɓa jin abin da fedodin nan ke iya yi a fili. Har da ni.

Yanzu sai maganar Rakiya. Ungozoma ce a likitar Tanut, wato asibitin garin, ƴar Belbeji, mace mai magana ɗaya. Mun daidaita da ita, har an tsayar cewa Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, zai je ya gai da mahaifinta ya nema min izini mako guda bayan bikin ƴar baffanta. Mahaifin nata, Alhaji Maman, manomi ne mai gonakin gero da ido ba ya ganin ƙarshensu, kuma shi ne babba a zuri'arsu. Sau ɗaya na taɓa gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya ce, "Sauri kake?"

Da na gaya wa Rakiya cewa Aghali, mai gitar da aka ɗauko daga Tanut don bikin, ya yarda ya ba ni fili in ɗan taɓa, sai ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Mushe, Baba bai san kana kiɗa ba."

"Ai ba kiɗa nake ba, nazari nake."

"To ka yi nazarin a hankali. Shi a wurinsa mai gita da mai kalangu duk maroƙa ne. Na gaya masa kai malami ne, mai natsuwa."

"Mai natsuwa kika ce?"

"Ƙarya ɗaya na taɓa yi masa a rayuwata, kada ka tona ni."

Na kwantar mata da hankali da hujja irin ta masu ilimi. Na ce dattawa ba sa zuwa wurin kiɗan yinin biki, suna can zaure suna cin goro. Ni kuwa waƙa ɗaya tak zan taɓa, in tattara kayana, in koma malami mai natsuwa kafin kowa ya kai labari. (Ban gaya mata cewa na shekara ina mafarkin wannan waƙa ɗayar ba, har da yadda zan runtse ido in karkata wuya.)

Ranar ta zo cikin damina, ana tsakiyar hutun lakwal, wato makaranta. Muka isa Belbeji da azahar bayan hanya ta gama jijjiga mu, muka tarar an kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika gefe guda. Aka tayar da gurup, wato janareta, kuran ɗin lantarki ya kawo, Aghali ya jona ampili. Nan muka ga ɓarnar da hanya ta yi. Ampilin yana da baki biyu, ɗaya na gita, ɗaya na mikoro, wato abin magana, kuma na mikoron ya mutu murus. Aghali ya hura masa iska, ya buge shi da tafin hannu, ya yi masa magana da Tamajak. Shiru.

A nan ne ilimina ya motsa, kuma duk lokacin da ilimina ya motsa ya kamata a kira jandarma. Ina da wata ƴar mahaɗa mai baki biyu a jakata. Na ce a sa wayar gita da ta mikoro duka a cikinta, ita kuma in sa ta a bakin fedodina, daga fedodin a wuce ampili. Tunda in ba a taka ba sauti wucewa yake, ba wanda zai ji bambanci.

Aghali ya leƙa akwatunan ta saman rawaninsa. "Waɗannan me suke ci?"

"Pil, ƙaramin batir."

"Me suke bayarwa?"

"Za ka ji."

"Mushe, ni dai amarya ta tafi lafiya."

Muka gwada, murya ta fito tas, gita ta fito tas. Na ji kaina ya ƙara girma. Kafin in tashi na murɗa maɓallan baƙar guda uku har ƙarshe, na ɗorawar ma har ƙarshe, don na karanta cewa masu abin haka suke yi.

Bayan la'asar kiɗa ya kankama. Aghali yana waƙa, mai ganga yana bi, mata suna tafi suna guɗa, samari sun ja layi suna rawar nan ta kafaɗa. Ni ina tsaye a gefe da gitata a rataye, na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na duba agogo, na duba ƙofar zaure, na duba Rakiya da ke rabon lemo, na sake duba agogo. Gabas ta fara yin baƙi, amma ban ba ta muhimmanci ba. Ashe ita ce za ta kashe ni.

Can Aghali ya zare wayar daga gitarsa ya miƙo min, ya ce, "Bisimilla, malamin lakwal." Na jona, na gyara tsayuwa, na ɗaga ƙafar nan da ta shekara tana jiran ranarta, na taka baƙar. Jar fitila ta kunnu. Na ɗaga hannu zan sauke shi a kan tsirkiya ke nan, sai mai ganga ya tsaya cak. Tafi ya mutu. Na waiwaya.

Alhaji Maman ne ya fito daga zaure, da dattawa a bayansa.

Abin da ya faru shi ne, hadari ya taso, kuma ƙauyen da za a kai amarya akwai kori a hanyarsa, in ya cika ruwa mota ba ta ƙetarewa sai gobe ko jibi. Don haka aka ce a yi addu'ar sallama yanzu-yanzu a ɗauki yarinya. A gidan nan kuwa ba wanda ke yin wannan addu'a sai Alhaji, kuma in ya fito, kiɗa tsayawa yake, kowa ya cire takalmi ya zauna inda yake.

Ban san jikina yana da irin wannan saurin ba. Kafin Alhaji ya iso rumfa na cire gitar daga wuyana, na jingina ta da fuskar ampili, na fizge takalmana, na zube a tabarmar gaba, na lanƙwashe ƙafafu, na sunkuyar da kai. Wanda ya gan ni a lokacin zai rantse a masallaci aka haife ni. Alhaji ya wuce ta gabana, na ce, "Barka da fitowa, Baba." Ya amsa da kai. Na ji sanyi a raina: bai ga komai ba.

Aka miƙa masa mikoro, aka tura masa ɗan maɓallin kunnawa. Ya ɗaga hannu ɗaya, jama'a suka ɗaga hannuwa, ni ma na ɗaga nawa har sun fi na kowa tsawo. Ta tsakanin yatsuna ne na hango jar fitilar nan tana kallona.

Alhaji mutum ne mai taushin murya. Ya buɗe baki ya ce, "Allah ya ba su zaman lafiya."

Abin da ya fito daga ampili ba zan iya rubuta shi da haruffan da nake koyarwa ba. Ku ɗauka an saka raƙumin da ya fusata a cikin tanki, an rufe, an tambaye shi ra'ayinsa. Kalmomin suna nan, ana gane su, amma kamar daga ƙarƙashin ƙasa ake aiko su. "Zaman lafiyar" ta fito da wani gurnani wanda ya sa wani jariri ya saki nono. Jama'a suka ce "Amin," amma a ɗarare, irin amin ɗin da ake ba mai riƙe da sanda.

Alhaji ya janye mikoron ya dube shi. Ya ɗan yi gyaran murya (gyaran muryar ma ya fito kamar an ja buhun tsakuwa a kan kwano), ya ci gaba, don dattijo ba ya yanke addu'a saboda na'ura. "Allah ya kawo zuri'a ɗayyiba." Wata tsohuwa a bayana ta fara neman tsari. Ni kuwa, Allah ya yafe min, wani ɓangare na zuciyata ya ce: wallahi sautin nan ya yi, shi nake nema shekara da shekaru.

Sauran ɓangarorin suna lissafi. Ba a sauke hannu ana tsakiyar addu'a. Ba a tashi. Fedar tana nan gabana, nisan ƙafa ɗaya. In na taka ta sau ɗaya, murya ta dawo daidai, a ce iskar hadari ce ta taɓa waya. Matsalar kawai ita ce a ƙasar Hausa ba a miƙe ƙafa a gaban suruki, balle wanda bai riga ya yarda ya zama surukin ba. Amma Alhaji ya lumshe ido, kowa ya sunkuyar da kai. Na ce wa kaina yanzu ne ko ba yanzu ba.

Hannuwana a sama, fuskata cike da tsoron Allah, na zaro ƙafar dama daga ƙarƙashin riga a hankali, na tura ta gaba tana lalube kamar maciji. Ban iya kallon ƙasa ba. Babban yatsa ya taɓa ƙarfe mai sanyi. Na danna.

Ta ɗorawar ce.

Na gaya muku aikinta ɗaga abin da aka ba ta. Ta ɗauki gurnanin Alhaji ta kai shi sama. Gitar da na jingina da ampili, wadda tun ɗazu take ɗan kuka ƙasa-ƙasa, ta samu abin da take jira. Sautin ampili ya girgiza tsirkiyoyinta, tsirkiyoyin suka mayar wa ampili, ampili ya sake mayar musu, har abin ya zama wata ƙara mai tsini wadda ta shiga haƙoran kowa. Addu'ar ta kai daidai wurin "Allah ya kare su daga sharrin masu sharri," sai ga sharrin da kansa ya amsa. Jakunan da ke ɗaure a gindin itacen bedi suka ɗauka. Awaki suka watse. Yara suka toshe kunnuwa, manya suna so su toshe amma hannuwansu na sama. Daga itatuwan unguwar kaf tsuntsaye suka tashi lokaci guda, suka yi baƙi a sama, suka nufi yamma. Na ga Alhaji ya buɗe ido ya bi su da kallo.

Ni kuwa na daskare. Ƙafar da ta shekara talatin ba ta zauna ba, ranar ta zauna daram a kan feda.

Rakiya ce ta taso daga cikin mata, ta ratsa tabarmi ba gudu ba sanɗa, irin tafiyar da take yi in an kira ta ɗakin haihuwa, ta zare wayar ampili daga kuran. Shiru ya sauka. A cikin shirun nan tsohuwar da ke bayana ta ce, "Amin," ita kaɗai.

Alhaji ya miƙa wa Aghali mikoro, ya ƙarasa addu'arsa da muryar da Allah ya ba shi, aka shafa. Sannan ya sauke ido. Ya bi wayar daga ampili zuwa akwatuna, daga akwatuna zuwa babban yatsa, daga yatsa ya hau ƙafar da ke miƙe sambal tana nuna shi, har ya iso fuskata.

"Malam," ya ce, "naka ne?"

Na so in tambaye shi ƙafar yake nufi ko akwatin, sai na ga duk amsar ɗaya ce. Na ce, "Nawa ne, Baba."

Ya ce, "To." Ya juya. Aka sa amarya a mota, aka ƙetare kori kafin ruwa.

Makon da ya biyo baya ban san inda na sa kaina ba. Na share ɗakina har ya gaji da ni. Na ɗauki littafi na ajiye, na fita na dawo, na je tasha ba tare da ina da wurin zuwa ba. Rakiya ba ta yi min faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ta ce kawai, "Ƴan'uwana sun ce in tambaye ka ko kana zuwa kiɗan suna." Kawu Idi da labari ya iske shi ya ce shi ba zai je a yi masa dariya da furfurarsa ba, sai da mahaifiyata ta sa baki. Ya tafi Belbeji kamar mai zuwa ta'aziyya, ya dawo da yamma ya same ni a ƙofar gida ina safa da marwa.

"Ya hana ko, Kawu?"

"Bai hana ba, bai bayar ba. Ya ce ka zo da kanka. Ka zo da akwatunan."

Na ɗauka ƙona su zai yi a gabana, na kuma shirya in riƙe masa ashana. Na same shi a zaure, na durƙusa, na ajiye su a gabansa. Ya ɗauki baƙar ya jujjuya ta, ya auna nauyinta a tafin hannu.

"Kukan nan na rannan, kuskure ne ko kana iya sake shi?"

"Ba zai sake faruwa ba, Baba, na yi alkawari."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na ce, "Ina iyawa."

"Kullum?"

"In akwai batir."

Ya gyaɗa kai. Ya ce gero ya fara ɗaukar ido, kuma tsuntsayen nan jan-baki sun sauka a fadamar da ke bayan gonarsa, garke-garke. Bara sun cinye masa kusan gefe guda. Yara suna kaɗa gwangwani tun safe, tsuntsayen sun saba, har sauka suke a kan igiyar. Amma rannan ya ga abin da bai taɓa gani ba, unguwa guda ta wofinta da tsuntsu cikin ƙiftawar ido. "A zamaninmu," ya ce, "mai neman aure noma yake yi wa surukinsa. Na ga hannunka, ba na hauya ba ne. Amma kowa da abin da Allah ya hore masa."

Haka na ƙarasa hutuna a kan wani gadon itace da aka kafa a tsakiyar gona, da hular kaba a kaina, da batirin mota da ampilin Aghali a kan amalanken jaki (jakin sai an kwance shi an kai shi nesa tukuna). Da hantsi da la'asar, in garken ya taso kamar hayaƙi, sai in miƙe in taka baƙar, in taka ta ɗorawar, in saki duk abin da na tara tun daga Yamai. Na runtse ido, na karkata wuya, ba jandarma, ba direkta. Ban taɓa samun ƴan kallo masu yawa haka ba, kuma ban taɓa ganin waɗanda suka fi su saurin barin wuri ba. Maƙwabtan gona ne kawai suka kawo ƙara, wai na koro musu baƙi.

Da aka yi girbi Alhaji ya aika wa Kawu Idi cewa ya ba ni. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: ranar ɗaurin aure ba mikoro, kuma a zaunar da ango inda ƙafarsa ba za ta kai ga komai ba.

Yanzu duk shekara in gero ya ɗauki ido sai salula ta yi ƙara, in ji muryar nan mai taushi: "Malam, baƙinka sun iso." Rakiya ta haɗa min jaka, ta sa pil sababbi a ciki. Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba, amma ina gaya wa ɗalibaina manya in sun fara zancen aure: duk abin da za ka ɓoye wa surukinka, ka tabbata ka kashe shi tukuna. In kuma ka manta, ka roƙi Allah ya sa yana da gona.